Wanda ya sha ruwan jabel: abin da asibiti ke iya yi da abin da gida ke ɓatawa

Ruwan jabel, wato ruwan kulorin na wanki da goge ɗaki, ba shi da makari. Wanda maciji ya sara akwai allurar da ake nemo masa, wanda ya sha maganin ƙwari na gona akwai abin da ake ɗura masa a jijiya ya karya dafin, amma wanda ya haɗiye jabel babu wani magani, a Yamai ko a Faris, da zai shiga ya warware abin da ya riga ya auku. Jabel ba ya aiki irin na dafin da ke bin jini ya kama zuciya. Ƙuna yake yi. Duk inda ya taɓa nan yake ci, daga leɓe da harshe zuwa maƙogwaro, hanyar abinci da tumbi, kuma kaso mai yawa na ɓarnar kan faru tun ba a sami taksi ba. Abin da ake kira maganinsa, a gida ko a asibiti, ƙoƙari ne kawai na kada a ƙara ƙuna a kan ƙuna, a tsare numfashi, a gano zurfin ciwon, sannan a yi dakon tabon da zai biyo baya.

Tambayar farko da ma'aikacin lafiya zai yi ita ce: wane jabel? Iyaye kan ji haushin tambayar, a ganinsu jabel ai jabel ne. Ba haka ba ne. Na kamfani da ake saye a shago don wanki da goge ɗaki haɗin kulorin da sodiyam ne cikin ruwa, ƙarfinsa yawanci bai wuce kashi 2 da rabi zuwa 6 cikin ɗari ba. Akwai kuma mai kauri wanda aka yi don a sirka shi da ruwa kafin a yi aiki da shi. Wasu kwalaben ba kashi suke rubutawa ba, digiri suke sawa irin na Faransa: digiri 12 ya kama kusan kashi 3.6, digiri 36 kusan kashi 9.6, digiri 48 kuwa ya haura kashi 12. Sama da waɗannan duka akwai farin garin kulorin da ake tsabtace ruwa da sansanonin kwalara da shi, wanda ƙarfinsa ke kaiwa kashi 65 zuwa 70.

Wanda ya fi damuna shi ne na haɗin gida. Ana koyar da shi tare da sabulun ruwa a horon sana'o'in hannu, mata da matasa da dama da shi suke cin abinci, kuma ban ga laifinsu ba. Matsalar ita ce kowa da ma'auninsa. Wannan ta zuba garin kulorin da yawa don a ce nata ya fi fidda datti, waccan ta ƙara soda, sai a ɗura a tsohuwar gorar ruwan sha, babu rubutu, babu alama. Sodar sabulu kuwa ita ce uwar ɓarna. Idan aka jiƙa ta sai ta zama garau kamar ruwa, ba ta da warin da zai gargaɗi yaro, kuma kurɓi ɗaya ya isa ya lalata hanyar abinci. A ƙasashen Afirka ta Yamma, yaran da hanyar abincinsu ke tsukewa bayan sun sha wani abu, galibinsu soda ce ta yi musu aika-aika. Don haka idan an ce yaro ya sha jabel a unguwannin Yamai irin su Bukoki ko Talaje, likita ba zai natsu ba sai ya san ko na kwalba mai tambari ne, ko na gorar da babu wanda ya san abin da ke ciki.

A nan ya kamata a kwantar wa iyaye hankali. Mafi yawan yaran da suka kurɓi jabel na kamfani, mara kauri, ba sa samun mummunan rauni. Ɗanɗanonsa da warinsa kan sa yaro ya tofar tun bai haɗiyi abin kirki ba, ya yi kuka, wataƙila ya yi amai sau ɗaya, baki ya ɗan yi ja, shi ke nan. Digon jabel da ake sawa a randa don kashe ƙwayoyin cuta ma ba guba ba ne; a annobar kwalara ta 2021 da ta taɓa Maraɗi, Tawa da Damagaram, kulorin na cikin abubuwan da suka ceci rayuka. Mummunan yanayi yana zuwa ne ta hanyar mai kauri, ko wanda aka haɗa da soda, ko garin kulorin, ko kuma idan babba ya sha da yawa.

Me ke faruwa a ciki? Jabel ɗan gidan su kanwa ne, ba ɗan gidan tsami ba. A ma'aunin pH, wanda ke tashi daga 0 (tsananin tsami) zuwa 14 (tsananin kaifi irin na kanwa), yana tsakanin 11 da 13. Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a tukunyar wake ta san aikinta: tana ratsawa ta narkar da abin da ya yi tauri. Haka jabel mai ƙarfi da soda ke yi wa naman mutum. Ruwan batir da sauran masu tsami kan ƙone sama su bar ɓawon da ke ɗan rage musu gudu, shi kuwa wannan narkar da kitse da tsoka yake yi, yana ƙara nitsewa. A kwanakin farko wurin yana kumbura, jijiyoyin jini ƙanana su toshe, naman da ya mutu ya soma saɓulewa. Daga wajen kwana na biyar zuwa na goma sha biyar bangon hanyar abinci ya fi kowane lokaci rauni, abu kaɗan zai huda shi. Daga mako na uku sai tabo ya fara ja yana tsukewa. Wanda ya riƙe wannan jadawalin zai gane dalilin kusan duk abin da likita ke yi da wanda yake ƙin yi.

Yanzu mu dawo tsakar gida, inda sau da yawa ake yin ɓarna ta biyu da kyakkyawar niyya. Da zarar an ga yaro da gora a hannu, sai gida ya kaure: "Sa masa yatsa ya amayar!" "Inna, kawo madara!" "A jiƙa tsamiya!" Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilin da ya yi kama da hankali, kuma kowanne garin neman gira ne a rasa ido.

Amai shi ne mafi muni. Abin da ya ƙone hanya yana sauka zai sake ƙone ta yana hawowa, kuma a karo na biyu yana iya kauce wa hanya ya faɗa huhu, musamman ga yaron da aka danne yana kuka. Masu ba da ruwan gishiri don jawo amai sun ƙara wata masifar: jabel da kansa cike yake da gishiri, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe wanda ya sha da yawa shi ne hauhawar sodiyam a jini, wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa har ya kai ga jijjiga. Tsamiya, lemun tsami da binega kuwa, tunanin shi ne tsami zai karya kaifin jabel. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne haɗuwar jabel da tsami tana sakin iskar kulorin, ga kuma zafi, duk a cikin tumbin da ya riga ya ji rauni. Wannan iskar ce ke shaƙe matan da ke haɗa jabel da ruwan wanke masai mai tsami a banɗaki rufe, ita ce kuma aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Madara, nono, man gyaɗa da manja ba makari ba ne. Suna cika ciki su jawo amai, mai idan ya shiga huhu yana haddasa ciwon da ke da wuyar magani, sannan suna lulluɓe wurin da likita ke son gani, su kuma jinkirta allurar barci idan ana bukatar ta. Gawayi ba ya kama jabel, baƙi kawai zai shafa wa ciwon. Addu'a a yi ta tun daga ƙofar gida har asibiti, amma rubutun sha ya jira sai likita ya ce an buɗe baki.

Abin da ya dace kaɗan ne, shi ya sa yake da wuya a tsaya a kansa. A kurkure baki a tofar. A cire rigar da ta jiƙe, a wanke fata. Idan ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 tun kafin a fita. Wanda ke cikin hayyacinsa yana haɗiye yawu ba wahala, kurɓi ɗaya ko biyu na ruwa a mintunan farko ba laifi, ko da yake cibiyoyin kula da guba na Faransa cewa suke kada a ba shi komai sam. A zaunar da shi. Idan jikinsa ya saki, a kwantar da shi ta gefe. A duba agogo, a ɗauki gorar ko kwalbar, a tafi da ita. A Yamai ana kiran motar agajin gaggawa ta SAMU a lamba 15, ƴan kwana-kwana a 18.

Alamun da ke cewa kada a tsaya ko'ina sai babban asibiti a bayyane suke: yawu na dalala saboda ya kasa haɗiyewa, murya ta dishe, numfashi na fita da ƙara, amai ya ƙi tsayawa ko ya zo da jini, ƙirji ko baya na ciwo, ciki ya ɗaure ya yi tauri. Akwai kuma yaudarar da ta ci mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan ƙananan asibitoci na unguwa: a buɗe bakin yaro a ga babu ƙuna a ce lafiya lau. Ruwa yana wuce baki da sauri, ya je ya daɗe a ƙasa. Baki mai tsabta ba shaida ba ce.

A ɗakin gaggawa, ba ciki ake fara dubawa ba, numfashi ne. Ƙofar hanyar iska tana maƙwabtaka da ta abinci, kuma idan ta ƙone tana iya kumbura cikin sa'o'i kaɗan ta rufe ruf. Likitan da ya ji murya ta canza zai gwammace ya sa bututun numfashi da wuri, yana gani da idonsa, da ya jira lokacin da ba za a ga hanya ba sai an tsaga wuya. Bayan haka sai ƙarin ruwa ta jijiya, maganin ciwo mai ƙarfi, maganin hana amai, da irin su omefurazol masu rage tsamin ciki don kada ya taso ya ƙara cin ciwon. Ana hana ci da sha. Ana ɗibar jini a auna sodiyam da kulorayid, tsamin jini da aikin ƙoda, a ɗauki hoton ƙirji da ciki a ga ko iska ta fita inda bai kamata ba, alamar an sami huji.

A nan ne dangi kan fara gunaguni: "Lokotoro, ba za a yi masa wankin ciki ba?" Sun ga an yi wa wani da ya sha ƙwayoyi, suna ganin sakaci ne. Ba sakaci ba ne. Tura roba a makance cikin hanyar da ta narke yana iya huda ta, kuma wankin na jawo aman da ake gudu. Ƙin yin wankin ciki ga wanda ya sha jabel alama ce ta likitan da ya san aikinsa.

Gano zurfin ciwon shi ne ginshiƙin komai. Hanyar da aka saba ita ce na'urar leƙa ciki, wadda a asibitocinmu ake ce wa fibro: siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki. Lokacinta ƙayyadajje ne. An fi son a yi ta cikin sa'o'i 24 na farko, kada dai ta wuce 48, domin bayan nan an doshi kwanakin da bango ke da rauni, na'urar da kanta na iya huda shi. Abin da aka gani ana auna shi da matakan da wani likitan Indiya mai suna Zargar da abokan aikinsa suka tsara a 1991. Mataki na 1 ja ne da kumburi. Na 2a gyambo ne na sama-sama. Masu waɗannan kan koma cin abinci cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma da wuya su sami matsala daga baya. Na 2b gyambo ne mai zurfi ko wanda ya zagaye bututun gaba ɗaya, na 3a kuwa akwai wuraren da nama ya mutu ya yi toka-toka ko baƙi. Yawancin waɗannan za su sami tsukewa. Na 3b mutuwar nama ce mai faɗi, kuma a nan maganar rai ake yi.

Sai dai fibro fuskar bango kawai take gani, ba ta san ko ƙunar ta ratsa zuwa bayansa ba. Likitocin tiyata na asibitin Saint-Louis da ke Faris sun nuna cewa dogaro da ita kaɗai ya sa an cire wa wasu hanyar abinci da tumbin da da sun warke, kuma hoton sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, da aka yi da allurar rini ya fi nuna ko bangon ya mutu har waje. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin tiyatar gaggawa ta duniya na 2019 sun ba sikana babban matsayi ga manya, a yi ta sa'o'i 3 zuwa 6 bayan shan abin. Ga yara har yanzu fibro ce kan gaba. A wurinmu muhawarar ta ɗan sha bamban, domin tambayar ita ce wacce za a iya samu a kan lokaci. Irin waɗannan marasa lafiya manyan asibitoci ake tura su, kamar Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, na Lamorde mai sunan Amiru Bubakar Diallo, da Babban Asibitin Referans da aka ƙaddamar a 2016. Wanda aka ce ya taso daga Tawa yana da kusan kilomita 550 a gabansa, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Idan aka kwana ana shawara da neman kuɗin mota, sa'o'in nan 24 sun tafi. Tun 2006 ƙasa ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati. Ko da a aikace iyaye kan sayi wasu abubuwa a farmasi, bai kamata rashin kuɗi a hannu ya sa a kwana da yaro a gida ba.

Batun magungunan rage kumburi dangin kotizon ya daɗe yana raba kan likitoci. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1990 kan yara 60 bai ga sun hana tsukewa ba. Wani na Turkiyya a 2014 ya ga amfaninsu idan aka ba da mai yawa na kwana uku kacal ga masu mataki na 2b. Abin da na fahimta shi ne magani ne na rukuni ɗaya, bayan an leƙa an gani, ba abin da za a saya a teburin mai ƙwayoyi a bakin kasuwa ba, domin yana iya ɓoye alamun huji har sai lokaci ya ƙure. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ma ba kowa ake ba ba, sai mai zurfin rauni, zazzaɓi ko huji.

Idan bango ya huje ko ya mutu har waje, babu zaɓi sai tiyata a daren. Ana cire abin da ya mutu, wani lokaci hanyar abinci da tumbi gaba ɗaya, a fito da bakin bututun ta wuya don yawu ya sami mafita, a sa roba a ƙaramin hanji don ciyarwa. Sai bayan kamar wata shida ake tunanin gina sabuwar hanya da wani yanki na babban hanji. Aiki ne mai nauyi, kuma ba kowa ke tsallake shi ba.

Akwai maganar da ba a son yi. Babba ba ya shan jabel da yawa bisa kuskure. Warin kaɗai ya isa ya tsayar da shi. Idan budurwa ko matar aure ko saurayi ya zo da mummunar ƙuna, sau da yawa baƙin ciki ne ya kai shi, dangi kuma don rufin asiri sai su ce ɗan kurɓi ne, ta ɗauka ruwa ne. Wannan rufin asirin yana iya cin rai, domin likitan da aka ce wa kurɓi ɗaya zai iya sallama, alhali da ya san gaskiya da ya kwantar ya nemi hoto. A ja shi gefe a faɗa masa. Sirrin mara lafiya amana ce a wuyansa. Bayan an tsira kuma, gori da faɗa ba su ne abin da mutumin ke bukata ba. Abin da ya kai shi ga gorar yana nan bai gushe ba, kuma Babban Asibitin Ƙasa yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa da damuwa.

Wurin da aka fi yin asara a ganina shi ne bayan sallama. Yaro ya koma gida, ciwon baki ya warke, yana wasa, an yi barka. Takardar komawa asibiti ta shige ƙarƙashin katifa. Sai a mako na uku ko na huɗu ya fara ture nama, daga nan tuwo ya riƙa tsaya masa, sai shinkafa, har ya koma kunu da fura mai ruwa-ruwa, a ƙarshe yawunsa ma ya gagare shi. Saboda makonni sun shuɗe, ba kowa ke danganta wannan da jabel ɗin ba. Wata ta ce beli ne, a kai shi wurin wanzami. Wani ya ce shafar iska ce. Kafin a dawo asibiti tamowa ta kama shi, kuma yaron da ya rame ba ya jure aikin da za a yi masa. Tsukewar kan bayyana cikin watanni biyu na farko. Wani lokaci ba a hanyar abinci take ba, a mafitar tumbi ce: mutum ya haɗiye lafiya, bayan ɗan lokaci ya amayar da duk abin da ya ci.

Maganinta buɗawa ce a hankali. Daga bayan mako na uku, ana zura sanduna masu laushi, daga siriri zuwa mai kauri, ko balan-balan da ake hurawa a wurin da ya tsuke, yawanci cikin allurar barci. Ba sau ɗaya ake yi ba. Tabon ƙuna yana da taurin kai, ana buɗe shi yana komawa, don haka ana maimaitawa bayan mako ɗaya zuwa uku, wani har shekara ko fiye, kuma kowane zama yana ɗauke da ɗan haɗarin huji. Idan hanyar ta toshe sosai, ana huda ciki a sa robar ciyarwa kai tsaye zuwa tumbi. Iyaye da yawa na ƙin wannan roba don suna ganin ta kamar sallamawa ce, alhali ita ce ke mayar wa yaro ƙiba da ƙarfin da zai kai shi ga buɗawa ta gaba ko ga tiyata. Iyalin da suka zo daga nesa su san tun farko cewa zirga-zirga ce ta watanni, su tsara masauki da kuɗin mota a kan haka, domin tsallake zama biyu ko uku na iya mayar da aiki baya.

Hanyar abincin da ta taɓa ƙonewa sosai tana da haɗarin kamuwa da ciwon daji fiye da ta sauran mutane, kuma yakan ɓullo ne bayan shekara 20, 30 ko 40. Yaron da aka buɗa wa hanya yana ɗan shekara uku zai girma bai tuna komai ba, don haka sai iyaye sun gaya masa, sun kuma adana takardunsa. Idan wata rana yana magidanci abinci ya sake fara tsaya masa a ƙirji, wannan tarihin ne zai sa likita ya tura shi fibro a makon, maimakon ya rubuta masa maganin gyambon ciki.